Shuɗin littafin Murphy da matsalar kalmomi masu -ing

English Grammar in Use na Raymond Murphy, wanda Cambridge University Press ta fara bugawa a 1985, ya kai bugu na biyar a 2019. Darasi 145 ne, bayani a shafin hagu, aikin gwaji a na dama. A nan za mu duba darasi na 53 zuwa na 68 kaɗai, inda ake maganar -ing da "to".

Wajen koyar da amfani, da wuya a samu kamarsa. Ya jero aikatau irin su enjoy, avoid da finish da ba sa karɓar "to" sai -ing. Darasi na 60 kuwa maganin wani tsohon ciwo ne: rubuta "I look forward to see you" a ƙarshen wasiƙa. "To" ɗin nan harafi ne (preposition) da suna ke bi, saboda haka "seeing" ne daidai.

Inda ya gaza shi ne bai damu da raba jerand (gerund) da fatisiful (participle) ba, duka -ing yake ce musu. Mai son iya magana ba zai yi asara ba. Amma ɗalibin WAEC da za a tambaya sunan nahawu da aikin wani yanki na jimla, dole ya san bambancin.

Jerand sunan aiki ne, yana zama inda suna ke zama. Fatisiful kuwa ko dai ya siffanta suna, ko ya bi is, was da 'yan uwansu ya nuna aiki na gudana. Gwajin mai sauƙi ne: cire kalmar ka sa it. "Reading is sweet" ta koma "It is sweet", jerand ke nan. "Musa is reading" ba ta yarda, fatisiful ce. Haka "a sleeping child" yaro ne da ke barci, amma "a sleeping bag" jaka ce ta barci, ba ita ke yin barcin ba.

Bahaushe na da dalilin rikicewa, domin "karatu" ɗaya ne a "karatu da daɗi" da "yana karatu". Malami ya fara da wannan kafin a buɗe littafin.

Iri biyu ake sayarwa, mai amsoshi a baya da maras su. Wanda zai yi karatu shi kaɗai ya duba bangon, ya tabbata an rubuta "with answers" kafin ya biya.