Gyara fayil ɗin hosts: Notepad ko PowerToys?

An sha tambayata wanne ya fi dacewa wajen gyara fayil ɗin hosts a Windows, wato fayil ɗin da ke haɗa sunan shafin intanet da lambar adireshinsa. Dukansu kyauta ne. Notepad, manhajar rubutu, yana cikin kwamfutar tun asali, amma dole a buɗe shi da izinin mai kula da kwamfuta, kuma kuskure kaɗan zai sa a adana fayil ɗin da sunan hosts.txt, wanda Windows ba ta dubawa. PowerToys, tarin ƙananan manhajoji na Microsoft, sai an sauke shi, amma yana ajiye kwafin tsohon fayil, yana kuma dakatar da aikin layin rubutu a cikin fayil ɗin ba tare da an goge shi ba, abin da ya fi burge ni. Notepad ya ishi mai gyara jefi-jefi. Mai gwajin shafukan intanet kullum kuwa, PowerToys zai fi yi masa amfani.