Gidan kallon da ke nuna golf a Gesse

A gidajen kallon da na sani a Birnin Kebbi, wannan na unguwar Gesse ne kaɗai ya ware talabijin ta biyu domin wasan golf. Tana can ƙuryar ɗaki, ga benci biyu da fanka ɗaya, kuɗin shiga kuma daidai da na ƙwallon ƙafa. Hoton tangaran yake, har layin da ƙwallo ke bi a kan ciyawa kana gani. Matsalar sauti ce. Idan ana Firimiya a babbar talabijin, sai dai ka kalli golf ɗinka kamar kurma.

Scottie Scheffler ne ya sa na saba da wurin. Ba'amurken nan idan ya kai wa ƙwallo duka ƙafafunsa zamewa suke yi kamar mai taka santsi, amma ƙwallon sai ta sauka inda ya nufa. Ƙarfinsa yana bugu na biyu, wanda ke kai ƙwallo gindin rami. A da, tura ta cikin ramin ne ke ba shi wahala, sai ya canza sandar turawa a farkon 2024, a shekarar ya ci Masters, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf huɗu, karo na biyu, ya haɗa da zinaren Olamfik a Faris.

Halinsa ya fi bugunsa burge ni. A watan Mayun 2024 'yan sanda suka kama shi da asuba a ƙofar filin golf na Valhalla da ke Amurka ana tsakiyar gasar PGA, aka sake shi, ya dawo ya gama ramuka 18 na ranar da bugu 66 kacal, a golf kuwa mai ƙarancin bugu shi ke nasara. Daga baya aka janye tuhumar. Ranar ƙarshe ta gasar Open ta 2025 a filin Royal Portrush da ke Arewacin Ireland, ya ɓarar da bugu biyu a rami na takwas bayan ƙwallonsa ta maƙale a rairayi. Wani dattijo da ke gefena ya ce, "Malam, wanga yaro ko hushi bai yi?" Na ce, "Baba, jira ka gani." A rami na gaba ya rage asarar, ya ƙare da cin gasar da tazarar bugu huɗu.

US Open ce kaɗai ta rage masa bai ci ba a manyan gasa huɗu bayan wannan nasara. Ni dai ban ga abin da zai hana shi ba, domin gasa ce da ke hukunta mai gaggawa, shi kuwa ba ya cikinsu. Abokin hamayyarsa Rory McIlroy ya fi shi daɗin kallo, amma da shi kullum zuciyarka a hannu take.

Wanda zai je ya san da lokaci. Gasar Open a Birtaniya ake yin ta, agogonmu ɗaya da nasu, ranar ƙarshe ana gamawa kafin magariba, sai dai Yuli ne, hadari na haɗuwa hoto ya ɗauke. Gasannin Amurka kuwa suna kaiwa sha biyun dare, mai gidan kuma ba ya son ƙona mai a janareta saboda mutum huɗu. Mukan yi karo-karo mu ƙara masa, ba ya musu. Ka je da abin shimfiɗa a benci, wasan yakan ci awa huɗu.