Sikeli mai lamba kawai ko mai haɗawa da waya, ga wanda za ki ɗauka

Wa alaikumus salam Maman Hafsa. A kan sikeli biyun nan da kinka tambaya, mai nuna kilo kawai da mai haɗawa da waya wanda anka ce shina auna har kitsen jiki, ki ɗauki mai nuna kilo kawai, ki aje sauran kuɗinki. Amma ki duba bayanshi kafin ki biya, ki tabbata irin mai cin ƙananan batir na rimot ne, waɗanda anka rubuta ma AAA, ba mai batir ƙwaya ɗaya mai faɗi irin na agogo ba.

Irinshi ne a gidanmu nan Birnin Kebbi, Camry mai gilashi, kuma ba don ni munka saye shi ba, don Inna ce. Hawan jini ya daɗe jikinta har ya taɓa mata zuciya, ƙafafu su kumbura, in ta kwanta numfashi ya riƙa yi mata wuya sai an tara mata matasai. Likitan da ke dubata ya ce a samu sikeli a gida a riƙa aunata kullum da safe ana rubutawa, kuma in munka ga ta ƙara fiye da kilo 2 cikin kwana 3 kada mu jira ranar da anka ba mu, mu kawo ta, don wanga ba ƙiba ba ce, ruwa ne ke taruwa a jiki. Da farko Inna ba ta son abin ko kaɗan, ta ce ita ba buhun shinkafa ba ce da za a riƙa ɗora ta bisa sikeli kowace safiya, sai da jikanta ya riƙa hawa kafin ta hau shina karanto mata lambar da ƙarfi sannan ta saki jiki. Munka rataye ƙaramin littafi da biro ga ƙusa bakin ƙofar ɗakinta. Akwai satin da lambar ta tashi daga 71.4 ta kai 73.8, ita kuma tana ta cewa lafiyarta lau, ƙafar ma in kin duba ba ki ganin wani babban canji sai kin danna yatsa ga ƙaurinta kin ga wurin ya loɓa bai dawo ba. Munka kai ta asibiti da littafin, likita ya buɗe ya duba, ya gyara mata maganin nan mai sa fitsari, ko kwana ba ta yi can ba munka dawo gida. Wallahi tun ranar nike ganin girman wanga ɗan gilashi. Yanzu ita da kanta ke kiran yara su zo su karanta mata in sun yi jinkiri.

Mai haɗawa da waya kuwa na taɓa samun guda, wanda ba shi da wani sunan kamfani na kirki, wata biyu ko uku manhajar ta daina buɗewa a wayata, ya koma mai nuna kilo kawai da kuɗin da ya kusa ninka na wancan. Abin da zan yaba mishi ɗaya ne, shina aje miki tarihin awonki ba sai kin rubuta ba, kuma shina rarrabe mutanen gida kowa da nashi. Littafi da biro ma suna yin wanga aiki.

Ki gane, wajen kilo su biyun duk abu guda ne a ciki. In kin kife sikelin za ki ga ƙafafu huɗu, ƙarƙashin kowace akwai ɗan ƙarfe da ke lanƙwasawa kaɗan in an hau, na'urar ciki ta haɗa abin da huɗun sunka ji ta fitar miki da lamba. Mafi yawansu suna ɗaukar har kilo 180, suna nuna bambancin giram 100, shi ya sa kike ganin 68.3 ko 68.4. Ke nan ƙarin kuɗin da za ki ba mai waya ba ƙarin daidaiton kilo kike saye ba, kina sayen bulutut ne da waɗannan farantan ƙarfe da ke saman gilashin.

To su farantan mi suke yi? Wata 'yar wuta ce mara ƙarfi wadda ba ki ma jin ta, tana shiga ta tafin ƙafa ɗaya ta fito ta ɗayar, sai sikelin ya duba yadda ta ratsa, don ruwa da tsoka suna barin ta wuce da sauƙi, kitse kuma shina tare ta. Daga nan sai ya haɗa da shekarunki da tsayinki da kinka shigar a waya ya yi ƙiyasi. Ƙiyasi fa, ba awo ba. Kuma da yake wutar ƙafa zuwa ƙafa take bi, tumbin da yawancinmu ke kuka da shi ba ta ma ratsa shi sosai. Ga shi abin ya dogara ga ruwan jiki, mu kuma nan kin san yadda zafin Maris zuwa Mayu yake, ya wuce digiri 40, mutum ya yini shina zufa, ko lokacin azumi, sai ki ga kitsenki ya hau yau gobe ya sauka alhali babu abin da ya canza in ba ruwan da kinka sha ba. Da hunturu kuma ƙafa ta bushe ta yi kaushi da faso, wani lokaci ya ƙi karantawa gaba ɗaya. Su da kansu masu ƙera shi suna rubutawa cikin takardar kwalin cewa wanda anka dasa ma na'urar bugun zuciya kada ya hau, mai juna biyu ma lambobin kitsen ba su yi mata aiki. A gida irin namu da kowa ke hawa, tsoho da yaro da baƙo, na fi son wanda ba sai na tsaya ina gargaɗi ba.

Maganar batir da na faɗa da farko ba ƙarama ba ce. Mai faɗin nan lambarshi CR2032, ana samun shi, amma sai kin je wurin masu agogo ko masu kayan kwamfuta cikin kasuwa, kuma da yawa sun daɗe a shago sun yi sanyi, ki sa yau bayan ɗan lokaci sikeli ya rubuto miki Lo, ma'ana batir ya yi ƙasa. AAA kuwa ko shagon bakin layinku akwai, ko kina Jega ko Argungu ko ƙauye. Akwai mai caji da igiyar waya, shi ma ba laifi, sai dai ranar da batirin cikinshi ya mutu shi ke nan an yi asara. In za ki yi tafiya mai nisa ki cire batiran, suna zubar da ruwa su ci ƙarfen wurin. Ki kuma nemi wanda lambarshi ke da girma kuma tana haske, saboda asuba babu wuta, ga idon manya.

Wata ƙila wani ya ce miki ki sayi mai allura tunda ba shi son batir. Sifirin ne a cikinshi, da daɗewa shina saki, layukanshi kilo ɗaya ɗaya ne ƙanana sai kin duƙa, kina duƙawa allurar ta motsa. Rabin kilo ba ya nuna miki shi.

Yanzu abin da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa, masu sayarwa. Ki yi hattara da masu tallar Facebook da sitatus na WhatsApp da ke sa hoton Omron ko Beurer, ki tura kuɗi a sako miki kaya a mota, ki buɗe kwali ki tarar da wani abu daban mara suna, ki kira a daina ɗauka. In dole ta nan za ki saya, su ɗauko miki bidiyon ainihin wanda za su turo, gaba da baya, da wani bisa kanshi. Duk wanda ya ce miki sikelinshi na auna suga ko hawan jini ƙarya yake, sikelin da ake takawa ba ya yin wanga, suga sai an ɗigo jini, hawan jini sai an ɗaura abin nan ga dantse. Na ji da kunnena wani na gaya ma wata tsohuwa haka a kasuwa, raina ya ɓaci ƙwarai, don irin wagga ƙarya tana iya sa mutum ya aje maganinshi. Sai masu shayin rage ƙiba da ke cewa su ba ki sikeli kyauta ko su auna ki kafin da bayan kwana kaɗan. Da yawan irin shayin nan gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita, sikeli zai nuna kin ragu da gaske, kina komawa shan ruwa ya dawo, ƙodarki ce ke wahala a banza.

In a shago ne, ga yadda za ki gwada kafin ki ba da kuɗi. Sabo yawanci akwai 'yar leda da ke tare batir sai an zare ta, ƙafafunshi kuma ba su da ƙarzuwa, in kin ga sun goge to an yi amfani da shi an maido. Ki sa a aje shi bisa tayil ko siminti mai santsi, ki hau ki sauka sau uku, lambar kada ta yi nisa da juna fiye da giram 100 ko 200. Sannan ki riƙe babbar robar ruwa ta lita ɗaya da rabi ki sake hawa, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka dole ki ga ya ƙara kilo ɗaya da rabi ko kusa. Wanga gwajin na biyu shi ne mai muhimmanci, don akwai masu arha da ke riƙe lambar da sunka nuna ƙarshe su riƙa maimaita miki ita ki ɗauka daidai suke. Ki duba ɗan maɓallin da ke baya ko ƙasa, ya tsaya ga kg. In ya koma lb, wato awon fam na Turawa, za ki ga lambarki ta ninka har da ɗori, don kilo ɗaya lb 2.2 ne, yara kan danna shi, mace mai kilo 70 ta ga 154 hankalinta ya tashi. In mai shago ya hana ki gwadawa ki wuce na gaba.

In kin kawo shi gida ki zaɓa mishi wuri guda ki bar shi nan. Ba bisa kafet ba, ba darduma ba, ba tabarma ba, kuma in ɗakinki leda ce anka shimfiɗa bisa daɓen da ya fashe ki lallaɓa ki sami inda ƙafafun huɗu sunka zauna daram ba ya girgiɗi. Namu tayil guda muke ɗora shi kullum, kusa da ƙofar Inna. Duk da ana ce mishi sikelin banɗaki kada ki aje shi can, banɗakinmu na wanka da bokiti ne, ruwa zai shige shi, gilashi da jiƙaƙƙiyar ƙafa kuma santsi ne mai haɗari. In an ɗaga shi an maido, ki taka shi da ƙafa ɗaya ya kunna ya nuna 0.0, ki bari ya mutu da kanshi, sannan ki hau. Ki tsaya tsakiya, kada ki taka gefe ya tuntsure, kada ki dafa bango, Inna ta kan dafa sai mu ga kilo biyu sun ɓace, yanzu mukan tsaya kusa da ita har ta daidaita sannan mu sake ta. Kuma a hana yara tsalle bisa kai, shi ke kashe su da wuri.

Lokacin awo da safe ne, bayan kin zaga, kafin ki ci ko ki sha, da kaya marasa nauyi iri ɗaya, ba da hijabi da zane biyu yau gobe da rigar barci ba. Nauyin mutum kan yi sama da ƙasa da kilo ɗaya har biyu a yini guda, tuwon dare, gishiri da magi, kwanakin da al'ada ta gabato, duk suna riƙe ruwa. Tunda ke rage jiki kike nema ba ciwon zuciya ke gare ki ba, sau ɗaya a sati ya ishe ki, rana guda da kinka tsayar, ki rubuta, ki duba abin da wata ya bayar. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati shi ne raguwa mai kyau wadda ke ɗorewa. In kina son sanin inda ya kamata ki tsaya, ki auna tsayinki da mita, ki ninka shi da kanshi, ki raba kilonki da abin da ya fito. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, 25 ya fara yawa, 30 ƙiba ce. Misali mai tsayin mita 1.60, kilo 64 shi ne bakin 25, kilo 77 ta shiga 30. In kuma kinka ga kina zubewa ba tare da kin rage ci ba, ga ƙishirwa da yawan fitsari ko tari da ya ƙi ƙarewa, kada ki yi murna, ki je a duba ki suga da tarin tibi.

Don haka Maman Hafsa, mai nuna kilo kawai, mai batir AAA, mai manyan lambobi masu haske, na kamfanin da ke da suna a jikin kwali, kuma ki gwada shi da robar ruwa gaban mai shagon. Sauran kuɗin ki sayi tef na tela ki riƙa auna ƙugunki daidai cibiya sau ɗaya a wata, shi zai gaya miki labarin tumbi fiye da mai wayar. Allah ya ƙara lafiya, ki gaida su Hafsa.