Garejin Wutar Mota da Ya Gano Ɓarnar Na'urar Tayar da Inji Daga Nesa

Na'urar tayar da mota daga nesa, wadda ake danna rimot inji ya tashi tun mai motar bai fito daga gida ba, an fi amfani da ita a ƙasashen sanyi irin su Kanada da arewacin Amurka, inda ake son mota ta ɗumama, ƙanƙarar da ta daskare a gilashi ta narke. A Kano buƙatarmu akasin haka ce, domin motar da ta wuni a rana a watan Afrilu ko sitiyarinta ba ya kamuwa, shi ya sa mutum yake son esi ta fara aiki kafin ya shiga. Wannan buƙata ce ta sa aka haɗa wa motata, Toyota Camry ƙirar 2012, irin wannan na'ura a wani shagon kayan ƙawata motoci. Ba a jima ba motar ta daina tashi, ko da rimot ko da makullinta na asali, sai aka ja ta zuwa wani garejin masu gyaran wutar mota da ke kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa, wanda a kan aikinsa nake wannan sharhi.

Kafin mu isa can an ba ni shawarwari iri-iri, wani ya ce famfon mai ne ya mutu, wani ya ce burenbos, wato kwamfutar inji, ne ya ƙone, kuma kowace shawara tana ƙarewa ne da sayen sabon kaya. Mai garejin bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambayoyinsa. Ya nemi sanin abin da aka taɓa a motar na ƙarshe, sannan ya ce, "Alhaji, rashin tashi iri uku ne, ina son mu san wanne ne naka." Akwai motar da ko kik ba ya juyawa, wadda ake fara zargin batirinta, ko fis, ko wayar kik da mai haɗa na'urar ya yanke ya ratsa da ita ta cikin rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa. Akwai wadda kik yake juya inji sosai amma ba ya kamawa, akwai kuma wadda take tashi ta mutu cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Tawa tana cikin kashi na biyu, kuma wannan rarrabewa kaɗai ta fitar da kik daga cikin abubuwan zargi ba tare da an kwance komai ba.

Daga nan ya ɗauko mita ya auna batir. Lafiyayyen batir da ya cika yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota tana kashe, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da bolt 10 da yawa ba lokacin da ake ba da kik. Nawa ya tsallake duka gwajin biyu, fis-fis ma ba wanda ya ƙone. Abin da ya ja hankalinsa shi ne ƙaramar fitilar tsaro ta dashbod, wadda ya kamata ta mutu da zarar an saka makullin da motar ta sani, amma ta ci gaba da ƙiftawa. Ya jona na'urar sikana a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, irin wanda ya zama dole a motocin kasuwar Amurka tun daga ƙirar 1996, sai ta nuna lambar B2799, wadda a motocin Toyota take nufin an sami tangarda a saƙon da ke tsakanin tsarin tantance makulli da kwamfutar inji.

A nan ne na fahimci inda haɗarin wannan na'ura yake, kuma ya dace duk mai niyyar haɗa ta ya san shi. A cikin kan makullin motocin zamani akwai ɗan ƙaramin guntun lantarki, kuma a kewayen ramin makulli akwai zoben waya da ke karanta lambar da ke cikinsa. Idan lambar ta yi daidai, akwatin tantancewa yana aika wa kwamfutar inji izini, idan kuma ba ta yi ba, kik zai yi ta juyawa amma inji ba zai kama ba. An yi wannan tsari ne don hana sata, har Kanada ta wajabta shi a sababbin motoci tun watan Satumba na 2007. To, na'urar rimot tana son tayar da inji alhali makulli yana aljihun mai shi, don haka dole a haɗa mata wani ƙaramin akwati da zai tsaya a madadin makullin na ɗan lokaci. Kamfanoni irin su Fortin da iDatalink suna ƙera irin waɗannan akwatuna, kuma kowanne sai an loda masa manhajar da ta dace da ƙirar motar da shekararta da nau'in makullinta. Makullin Camry ɗina yana da harafin G a jikin ƙarfensa, na ƙirar da ta biyo baya kuma sun zo da H, kuma manhajar ɗaya ba ta yi wa ɗaya aiki. Ke nan wanda zai haɗa na'urar dole ya taɓa wayoyin da suka fi kowane laushi a motar, waɗanda ba wuta mai ƙarfi suke ɗauka ba, saƙo suke ɗauka.

Matakin da ya fi burge ni shi ne yadda ya ware na'urar gaba ɗaya daga jikin motar kafin ya yanke hukunci. Ya cire murfin ƙasan sitiyari, ya zare soket-soket ɗinta ɗaya bayan ɗaya, ya sake ba da kik. Da a ce motar ta tashi a lokacin, da laifin yana cikin akwatin da aka haɗa ko manhajarsa. Ba ta tashi ba, wanda ya nuna cewa an yi wa wayoyin motar kansu rauni. Ya bi su da zanen wayoyin Toyota da ke cikin kwamfutarsa har ya iso kan wayoyi biyun da ake kira IMI da IMO, masu ɗaukar saƙo tsakanin akwatin tantancewa da kwamfutar inji. An fere rigar ɗaya da reza har an yanke mafi yawan silin tagullar da ke ciki, aka murɗa wata waya a kai, aka naɗe da baƙin salatif ba tare da dalma ba. Zafi ya sassauta salatif ɗin, girgizar hanya kuma ta ƙarasa tsinke abin da ya rage. Ya yanke wurin, ya haɗa da dalma, ya rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, ya goge lambar daga kwamfuta, motar ta tashi a kik na farko. Burenbos ɗin da aka ce in saya lafiyarsa ƙalau.

Bai tsaya a nan ba, domin ya ce ba zai mayar da na'urar yadda ya same ta ba. Wayar as ɗinta, wadda ake haɗawa da ƙarfen jikin mota, an ɗaure ta ne a kan ƙarfe mai fenti, ya mayar da ita kan kankararren ƙarfe. Ya kuma gano ba a saka makunnin bonet ba sam, alhali aikinsa shi ne hana inji tashi da rimot idan bonet yana buɗe. Wannan sakaci ya fi ɓata mini rai fiye da tsinkewar wayar, saboda makanike yana iya zura hannu kusa da bel a daidai lokacin da yaro ya danna rimot a cikin gida. Ya saka makunnin, ya gwada wayar birki ya tabbatar inji yana mutuwa idan aka taka birki babu makulli, sannan ya bar motar ta yi shiru ya auna wutar da take ja tana kashe, ya samu tana ƙasa da miliyamfiya 50, iyakar da masu sana'ar suka saba ɗauka a matsayin daidai. Ya nuna mini maɓallin da ke dakatar da aikin rimot idan za a kai mota gyara, ya kuma gargaɗe ni da kada in tayar da ita a rufaffen gareji saboda hayaƙin salansa yana kisa.

Garejin yana da nasa naƙasu. Mutum ɗaya ne ya iya wannan bincike, yaran shagon kwancewa da ɗaurewa kawai suke yi, don haka idan motoci sun yi layi jira ya zama dole, ga shi babu rumfar kirki da baƙo zai zauna. Kuɗin bincike daban yake da kuɗin gyara, kuma ana biyansa ko an yi aikin a wurin ko ba a yi ba. Wasu suna ƙorafi a kan haka, ni dai ina ganin ya halatta, tun da awon ne ya hana ni sayen kayan da ba na buƙata. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne rashin takarda: ba a rubuta mini lambar da sikana ta nuna ko wayoyin da aka gyara ba, sai da na nema aka rubuta a bayan rasit, alhali duk wanda zai taɓa motar nan gaba yana buƙatar wannan bayani.

Ina ba da shawarar wurin ga wanda motarsa ta rikice bayan an haɗa mata rimot, ko ƙararrawar ɓarayi, ko na'urar bin sawu, har da wanda ya sayi tokumbo daga Amurka ko Kanada ya tarar da tsohon akwati a ɓoye ƙarƙashin dashbod babu rimot ɗinsa. Wanda kuma bai riga ya haɗa ba, ya tambayi mai aikin ko akwai jerin wayoyi mai soket da aka ƙera don ƙirar motarsa, wanda yake rage yankan waya ƙwarai, ya kuma tsaya a gwada makunnin bonet da wayar birki a gabansa kafin ya biya.