Tsakanin komik ɗin Dark Crystal da na Labyrinth, ga wanda za ka fara saya

Ɗan'uwa, tunda kuɗin ɗaya kake da shi a yanzu, tsakanin The Power of the Dark Crystal da Return to Labyrinth, ɗauki na farko hankali kwance. Duka biyun suna kan kantata, kuma duka ci gaban finafinan Jim Henson ne, wato The Dark Crystal na 1982 da Labyrinth na 1986, amma ba ajinsu ɗaya ba.

The Power of the Dark Crystal fitowa 12 ne, wato ƙananan mujallu 12 a jere, Archaia, wani reshe na kamfanin BOOM! Studios, ya fitar da su daga 2017 zuwa 2018. Simon Spurrier ne ya fara rubutun, daga baya Phillip Kennedy Johnson ya shigo, Kelly da Nichole Matthews kuma suka yi zanen. Abin da ya ba shi nauyi a wajen masoya shi ne asalinsa. Tun farko an rubuta labarin ne don a yi fim na biyu, har an taɓa sanar da Genndy Tartakovsky a matsayin darakta a 2006, aikin ya yi ta jan ƙafa har ya mutu. David Odell, wanda ya rubuta fim ɗin 1982, yana cikin waɗanda suka rubuta wancan labarin. Saboda haka abin da za ka riƙe a hannu shi ne fim ɗin da ba a yi ba, an mayar da shi takarda.

Labarin ya buɗe ne shekara ɗari bayan Jen, jarumin fim ɗin 1982, ya mayar da ɓallin lu'ulu'un, wato Dark Crystal ɗin kansa, mazauninsa. Jen da abokiyar tafiyarsa Kira sun tsufa, yawancin lokaci barci suke yi a fada, al'amura kuma sun koma hannun masu hidimar lu'ulu'un. Ka tsaya ka kalli shafukan farko da kyau. Talakawan Gelfling, ƙabilar su Jen da Kira, suna zuwa da kyautarsu a hannu don a bar su su kusanci hasken, wanda bai kawo abin kirki ba a sallame shi, alhali ƙasar da ke bayan katanga tana lalacewa. Ana cikin haka sai ga Thurma, yarinya 'yar ƙabilar wuta daga can ƙarƙashin Thra, duniyar da labarin ke faruwa a cikinta, tana roƙon a ba ta ɓalli ɗaya don ta ceci mutanenta. Jikinta ja ne da ruwan lemo, yana haska duk inda ta tsaya, kuma masu zanen sun san yadda za su sa idonka ya bi ta shafi bayan shafi. An hana ta, ta fasa lu'ulu'un ta gudu da ɓallin, wani matashin Gelfling mai suna Kensho ya bi ta. Fasawar nan ce ta dawo da Skeksis, mugayen fim ɗin, da urRu, takwarorinsu na kirki, duniya.

A nan masoya suka rabu. Wasu sun ce dawo da Skeksis ya rushe kyakkyawan ƙarshen fim ɗin, kuma maimaici ne: an sake fasa lu'ulu'u, an sake tafiya da ɓalli, an sake jiran haɗuwa. Ƙorafin yana da tushe, musamman a tsakiyar labarin inda gudu da bin sawu suka yi yawa. Sai dai ni ina tare da ɗaya ɓangaren. Littafin ya yi tambayar da fim ɗin bai kai gare ta ba, wato me ke faruwa idan waɗanda aka zalunta jiya suka hau mulki, suka yi sakaci, na kusa da su suka mayar da abin tsarki hanyar karɓar kaya. Ganin Jen da furfura yana gane cewa ɓarnar ta faru ne a ƙarƙashin sunansa ya isa dalilin sayen littafin. Aughra, tsohuwar mai hikima ta fim ɗin, tana nan da faɗanta, Fizzgig, 'yar dabbar Kira, ma yana nan, kuma an mutunta siffofin da Brian Froud ya ƙirƙira wa fim ɗin.

Return to Labyrinth kuwa juzu'i 4 ne daga Tokyopop, tsakanin 2006 da 2010, rubutun Jake T. Forbes, zanen Chris Lie, baƙi da fari a salon manga, wato komik irin na Japan. Ana iya karanta shi, iyakar abin da zan ce ke nan. Toby, jaririn da aka sace a fim, shi ne jarumi bayan ya zama saurayi, Jareth, sarkin da ya sace shi, kuma ya naɗa shi magajin sarauta. Masu jiran labarin Sarah, yayar Toby kuma jarumar fim ɗin, da Jareth sun tarar an tura Sarah gefe na dogon lokaci. Babban abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne bango: Kouyu Shurei ce ta zana shi da ƙawa sosai, ka buɗe ciki ka ga hannu daban, mai sauƙi. Ga kuma matsalar da ba laifin marubuci ba ce. Rabin daɗin Labyrinth muryar David Bowie, mawaƙin da ya fito a matsayin Jareth, ce da waƙoƙinsa, takarda kuwa ba ta waƙa. Dark Crystal da ma ƙarfinsa a halittu ne da shimfiɗar duniya, su kuma zane yana iya ɗaukar su.

Idan zuciyarka na wajen Jareth ne, ka nemi Labyrinth: Coronation, shi ma fitowa 12 daga Archaia, 2018 zuwa 2019, zanen Daniel Bayliss, mai launi. Amma ka sani baya yake komawa, zuwa birnin Venice na Italiya a 1797, don ya nuna asalin Jareth.

Yanzu batun masu sayarwa, ko da ba ka tambaya ba, domin a nan ake cin kuɗin mutane. The Power of the Dark Crystal cikakke juzu'i 3 ne: na farko ya haɗa fitowa ta 1 zuwa ta 4, na biyu ta 5 zuwa ta 8, na uku ta 9 zuwa ta 12. Akwai masu ɗaukar fitowa ta 1 kaɗai, 'yar siririya mai shafi talatin ko ƙasa da haka wadda aka ɗinke da waya a tsakiya, su rubuta mata juzu'i na ɗaya, su sa kuɗin babban littafi. Ka ce a ɗauko maka hoton ƙeyar littafin. Juzu'i na gaske yana da ƙeya mai kauri da suna a rubuce, fitowa ɗaya ba ta da ita. Sannan fitowa ɗaya takan zo da bango iri daban-daban, sai a jera maka guda uku a ce littafi uku ne alhali cikinsu ɗaya. Lambar da ke jikin bangon za ka duba, kada hoton ya ruɗe ka.

Ana kuma cakuɗa sunaye. Beneath the Dark Crystal shi ne ke biye da wannan, bai kamata ka fara da shi ba. Creation Myths da Legends of the Dark Crystal duk labaran kafin fim ne. Idan mai kaya ya cike maka juzu'i na uku da ɗaya daga cikinsu, saitinka bai cika ba.

Return to Labyrinth ya fi haɗari ta wannan fannin. Tokyopop ta rufe sashen ɗab'inta na Amurka a 2011, saboda haka bugunta sai dai na hannu, kuma juzu'i na 4, inda labarin ya ƙare, shi ya fi wuyar samu. Kada ka biya kuɗin uku bisa alƙawarin na huɗu yana hanya. Masu tallan PDF a WhatsApp da Telegram kuma hoton shafuka kawai suke sayarwa, sau da yawa da giɓi a tsakiya.

Kafin ka tura ko kwabo, ka nemi bidiyo ana buɗe littafin daga farko zuwa ƙarshe, a nuna maka lambar ISBN da ke bayansa, ka sa ta a intanet ka ga ko suna da harshen sun dace, don akwai bugun da aka fassara zuwa wasu harsunan Turai. Ka duba tabon ruwa a gefen shafuka, domin takarda mai sheƙi idan ta jiƙe manne wa juna take yi, in ka ja sai launin ya ɓare. Idan kuɗin bai kai na juzu'i ukun ba, sayi na farko mai bango mai laushi, ka sake kallon fim ɗin 1982 kafin ka buɗe shi.