Wata huɗu a wata cibiyar lesin a Kano: abin da ta yi wa 'yata da abin da ta kasa yi

A watan Janairun 2025 na kai 'yata ta fari, wadda a lokacin take ajin ƙarshe na babbar sakandare, wata cibiyar lesin da ke wajen Kabuga a birnin Kano, irin cibiyoyin nan da ke shirya ɗalibai domin jarrabawar JAMB da WAEC da NECO. Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin zan faɗi abin da na yaba, zan kuma faɗi abin da ya ɓata mini rai, kuma ba na son maganata ta zama talla ko ɓatanci ga mutanen da ke neman halalinsu. Iyayen da suka taɓa leƙa irin waɗannan wurare za su gane fasalinta: bene mai hawa ɗaya, ajujuwa huɗu a ƙasa, ɗakin kwamfuta a sama, sai ƙaramin ofis a bakin ƙofa inda ake karɓar kuɗi a ba da rasit.

Yarinyar tana makarantar gwamnati ce, ta kuma ci jarrabawar kwalifayin tun tana aji biyu, don haka gwamnatin jiha ta biya mata NECO, ni kuma na ɗauki nauyin WAEC da JAMB. Abin da ya tsorata ni shi ne yadda jarrabawowin uku suke bin juna, JAMB a ƙarshen Afrilu, WAEC a Mayu da Yuni, NECO kuma ta biyo baya ba tare da hutun kirki ba, alhali a makaranta ba a kammala manhajar Fiziks da Kemistiri ba, ita kuwa ban da wayar mahaifiyarta ba ta taɓa zama a gaban wata na'ura ta amsa tambaya ba.

Abin da ya fara burge ni ya faru ne tun kafin in biya ko kobo. Shugaban wurin, dattijo ne da ya daɗe yana koyarwa a sakandare, ya zaunar da mu ya tambayi yarinyar abin da take son karantawa, ta ce likitanci. Sai ya bayyana mata cewa a JAMB darussa huɗu ake ɗauka, Turanci dole ne ga kowa, mai neman likitanci kuma sai ya haɗa da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, yayin da mai neman injiniyanci zai ajiye Bayoloji ya ɗauki Lissafi. Ya ce duk shekara yana ganin yaran da suka samu maki mai kyau amma suka rasa gurbi saboda haɗin darussansu bai dace da kwas ɗin da suka cike ba. Daga nan ya nemi takardar NIN ɗinta ya gwada ta da sunan da makaranta ta tura wa WAEC, sai ga shi a ɗaya an rubuta sunan mahaifi a gaba, a ɗayar kuma an jefa sunan kakanta a tsakiya. Ya ce mini, Alhaji, a gyara wannan tun yanzu kafin a buɗe rajista, ya kuma gargaɗe ni da in saya mata layin waya nata na kanta wanda da shi za a nemi lambar rajistar JAMB, kada a yi amfani da layin mai shagon intanet ko na wani maƙwabci, domin a kan wannan layi duk saƙonnin hukumar za su riƙa zuwa har a gama neman gurbi. Tun daga 2021 JAMB ta wajabta NIN, amma babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya nuna mini inda matsalar take ɓuya. Wannan zama na minti ashirin, a ganina, ya kai darajar kuɗin wata guda.

Ɗakin kwamfuta shi ne ƙashin bayan cibiyar, kuma a nan ne na ga amfanin kuɗina ƙarara. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya: tambayoyi 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku, jimillar maki kuma 400. Idan mutum ya raba, zai ga cewa daƙiƙa 40 kacal ke ga kowace tambaya, ciki har da karanta dogayen nassoshin Turanci da warware lissafin Fiziks. Yaron da ya san karatu amma bai saba da agogon da ke tafiya a saman allo ba, zai iya barin tambayoyi talatin bai ko gan su ba, kuma haka ya faru ga 'yata a gwajinta na farko, inda ta tashi da 171 ta dawo gida idanunta sun yi ja.

Kowace Asabar ana yi musu cikakken gwaji irin na ranar jarrabawa, a kulle ƙofa, a karɓe wayoyi, a saki agogo. Mai kula da ɗakin ya koya musu aiki da madannai kaɗai ba tare da dogaro ga linzamin kwamfuta ba, wato A da B da C da D don zaɓen amsa, N don wucewa gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki, ya kuma nanata musu kada hannu ya kusanci S sai sun tabbata sun gama. Ya koya musu amfani da na'urar lissafin da ke cikin allon, da kuma tsarin da ya dace da kowa: ita an ba ta shawarar ta fara da Bayoloji inda take da sauri, ta shiga Turanci, ta bar Fiziks a ƙarshe, kuma kada ta bar tambaya babu amsa tunda ba a rage maki saboda kuskure. Bayan kowane gwaji ana buga wa ɗalibi takarda mai nuna inda ya faɗi a kowane darasi, malamai kuma su ɗauki tambayoyin da mafi yawan yara suka kasa su warware su a aji ranar Litinin. Makinta ya riƙa hawa sannu a hankali, zuwa tsakiyar Afrilu tana kaiwa 230 da 'yan kai. Suna da sola da janareta, don haka sau ɗaya kawai ta ce mini ɗauke wuta ya katse musu gwaji. Aibin ɗakin guda ne: kwamfutocin ba su wuce arba'in ba, ɗalibai kuwa sun ninka haka sau da yawa, sai an raba su rukuni-rukuni, wanda ya faɗa rukunin ƙarshe kuma zai yi zaman jira na awowi.

Malaman ba ɗaya suke ba. Malamin Fiziks ya cancanci yabo na musamman, domin yakan fara bayani da Hausa har sai yara sun gane abin da ake nufi da sauri da nauyi da ƙarfin tura abu, yana kawo misali da amalanke da guga a rijiya, sa'an nan ya koma Turanci ya ba su kalmomin da za su gamu da su a takarda. Wasu iyaye suna ganin hakan ɓata lokaci ne tunda da Turanci za a yi jarrabawar, ni kuwa na ga yarinyar da take haddace ƙa'idoji ba tare da fahimta ba ta koma tana iya yi wa ƙaninta bayani a gida. Malamar Bayoloji ma tana da ƙoƙari, takan tilasta musu zane da sanya wa kowane sashe sunansa. Malamin Kemistiri kuwa tambayoyin shekarun baya kawai yake bi, ya karanta tambaya ya faɗi amsa ya wuce, wanda hakan yana taimakon mai tushe, amma ba ya gina wanda ba shi da shi.

Inda cibiyar ta gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce, shi ne ɓangaren WAEC da NECO, duk da cewa an rubuta sunayensu da manyan baƙaƙe a allon ƙofa. Waɗannan jarrabawowi ba zaɓen A ko B kaɗai ba ne. A Turancin WAEC ɗalibi zai rubuta insha'i na kimanin kalmomi 450 da hannunsa, ya amsa tambayoyin fahimta, ya yi taƙaitawa, ga kuma takardar furuci. Rubutu ba ya gyaruwa sai an yi shi wani ya duba da jan biro ya maido, amma a wata huɗu sau biyu kacal aka karɓi insha'in 'yata, ɗaya daga ciki ma ba a dawo mata da shi ba. Na fahimci dalili, domin malami ɗaya ba zai iya duba rubutun yara sama da ɗari kowane mako ba, sai dai fahimtar dalili ba ta sauya gaskiyar cewa Turanci da Lissafi su ne ƙofar da kowa zai bi: ba tare da kiredit biyar da suka haɗa da su ba, wato daga A1 zuwa C6, ko ɗalibi ya samu 300 a JAMB ba zai shiga jami'a ba, kwasa-kwasai irin likitanci kuma galibi a zama ɗaya ake son a kawo su.

Na biyu shi ne aikin gwaji na kimiyya. Cibiyar ba ta da ɗakin gwaje-gwaje ko kaɗan. Gwajin nan na Kemistiri da ake ɗiga asid daga bututun gilashi mai awo har ruwan da ke ƙasa ya sauya launi, a kan allo aka zana musu shi da alli, aka ba su lambobi suka yi lissafi. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe bututun ba, ba ta san yadda ake daidaita ido da layin awo ba, za ta shiga ɗakin jarrabawa hannunta yana rawa. Na je na sami shugaban a kan wannan, ya karɓe ni da mutunci, bai kuma yi musu ba, ya ce kayan suna da tsada kuma suna sa ran makarantu su ɗauki wannan ɓangaren. Na gaya masa cewa da makarantun suna yi, da ba mu zo wurinsa ba, kuma ya kamata a faɗa wa iyaye wannan tun ranar biyan kuɗi. Daga baya sai da na nemi wani malamin wata makaranta mai zaman kanta ya ba ta ita da ƙawayenta uku damar yin gwajin sau uku a ɗakinsu, da kuɗi na daban.

Ajujuwan suna cika fiye da kima, a zafin Maris da Afrilu kuwa fanka biyu ba sa isar ɗaki mai mutum saba'in. Akwai wurin salla da banɗakin mata daban, kuma suna da tsabta. Da azumi ya zo sun matso da darasi zuwa da wuri, na ji daɗin hakan, amma a sauran watanni ana tashi dab da magariba, lokacin da samun a daidaita sahu a kan titin Gwarzo yake da wuya, don haka sau da yawa ni nake zuwa ɗaukarta.

Akwai abu guda da ya sa duk da waɗannan ƙorafe-ƙorafe nake girmama wurin. Kowa ya san ana samun wuraren da ake karɓar kuɗi mai yawa da alkawarin za a ba yaro amsa a ɗakin jarrabawa, har wasu iyaye da kansu suke nema. A taron iyaye na farko shugaban ya faɗa a fili cewa duk wanda ya zo neman wannan ya ɗauki ɗansa ya tafi, ya tuna mana cewa satar amsa laifi ne a ƙarƙashin dokar 1999, ana kuma iya riƙe ko soke sakamakon ɗalibai saboda ita. Ya ƙara da abin da ya fi taɓa ni, cewa yarinyar da aka saya wa kiredit a Kemistiri za ta gamu da Kemistirin a shekararta ta farko a jami'a, inda babu mai saya mata.

Da sakamakon JAMB ya fito, 'yata ta samu 241. A sakamakon farko da aka fitar a shekarar, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba, don haka na san abin da wannan maki yake nufi, na kuma san cewa gwajin Asabar yana da babban kaso a ciki. Cibiyar ba ta sallame mu daga nan ba. Ta sake tara iyaye ta yi bayanin jarrabawar tantancewa da jami'o'i suke yi bayan JAMB, da yadda ake shiga shafin CAPS a karɓi gurbi ko a ƙi shi, da hanyar sauya kwas ko makaranta ga wanda makinsa bai kai ba. Ga waɗanda suka faɗi kuma an nuna musu cewa akwai IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye, da makarantar share fage ta Funtuwa, da kwalejin share fage ta CAS a nan Kano, da kwalejojin jinya da na ilimi da na fasaha. Ita kanta 'yata an gaya mata gaskiya cewa gasar likitanci tana da zafi ƙwarai, aka ba ta shawarar ta duba wasu kwasa-kwasan fannin lafiya, ta kwana biyu tana fushi sa'an nan ta amince.

A WAEC ta samu kiredit ɗin da ake bukata, amma Turanci da Kemistiri duka C6 ne, wato a bakin gaɓa, kuma su ne daidai wurare biyun da na ce cibiyar ta yi sakaci. Kuɗin wata huɗun ya ɗan haura abin da na kashe a rajistar JAMB da WAEC a haɗe, ban da kuɗin mota da na gwajin da na biya a waje, sun kuma yarda na biya kashi biyu.

Ƙaninta yana aji biyu yanzu, kuma na yanke shawarar zan mayar da shi wurin idan lokacinsa ya yi, saboda ɗakin kwamfuta da malamin Fiziks da kuma wancan zama na farko a ofis. Insha'i kuwa na riga na yi magana da wata malamar Turanci a unguwarmu da za ta riƙa duba masa rubutu ɗaya kowane mako tun daga wannan zango, aikin gwaji kuma zan tambayi shugaban a ranar rajista ko sun sayi kayan, in ba su saya ba in nemi inda zai yi tun watan Janairu.