Kaka guda tare da makaɗan Berlin, daga ɗakina a Tudun Wada

Ƙungiyar makaɗan birnin Berlin, wadda Jamusawa ke kira Berliner Philharmoniker, tana da dandali a intanet mai suna Digital Concert Hall, wanda aka buɗe a ƙarshen 2008 don watsa wasanninta kai tsaye. Na bi su kaka guda cur daga nan Zariya, tun buɗewa a ƙarshen watan Agusta har rufewa a watan Yuni. Abokai sun yi ta tambayata ko tikitin shekara ya ci kuɗinsa, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta a wuri guda. A wurina ya ci, har da riba. Sai dai abu ne na mai haƙurin zama, wanda zai ba wasa sa'a biyu ba tare da yana taɓa waya ba.

Ƙungiyar ta kafu ne a 1882, makaɗanta sun haura 100. Zaurensu, Philharmonie, an buɗe shi a 1963, yana ɗaukar mutum sama da 2,400, kuma a tsakiya aka sa dandamalin makaɗa, masu sauraro sun kewaye su ta ko'ina. Kowace kaka ana watsa wasa kusan 40 kai tsaye, daga baya a zuba su cikin rumbun dandalin, inda akwai ɗaruruwan tsofaffin wasanni har zuwa zamanin Herbert von Karajan, wanda ya ja ragamar ƙungiyar fiye da shekara 30 zuwa 1989. Jagoransu na yanzu shi ne Kirill Petrenko, haifaffen Omsk a Rasha, ya kama aiki a 2019. Wani abu da ya burge ni game da su shi ne makaɗan da kansu suke kaɗa ƙuri'a su zaɓi wanda zai jagorance su.

Da kuɗin Yuro ake biya. Katin bankina ya ƙi wucewa, sai ƙanena da ke karatu a Jamus ya biya daga can, ni kuma na ba iyalinsa naira a nan. Duk wanda ya yi niyya ya fara shirya wannan tun da wuri.

Abin da ya fi komai daraja a tikitin nan shi ne ba kai ke zaɓa ba. Da an bar ni da rumbu kawai, na san abu uku ko huɗu zan kama in yi ta maimaitawa har shekara ta ƙare. Bin kaka yana hana ka haka. Wannan makon za ka tarar da aikin mai tsara kiɗa Haydn, wanda ya bar simfoni 104 (wato kiɗa mai kashi-kashi da ƙungiyar makaɗa ke kaɗawa tare), makaɗa kaɗan a dandamali, kiɗa mai tsabta da fara'a wanda ba ya wuce rabin sa'a. Mako mai zuwa dandamali ya cika maƙil saboda Mahler ko Bruckner, simfoni guda ya cinye daren baki ɗaya. Na gaba kuma sabon aiki ne da ba a taɓa kaɗawa ba, a ƙarshe mai shi ya taso daga cikin jama'a ya hau ya gaisa da jagora. Ko a cikin dare guda ma akan haɗa ɗan gajeren kiɗa na buɗewa, sai wanda gwani ɗaya zai yi gaba da fiyano ko goge sauran su mara masa baya, a tafi hutu, a dawo a ɗauko babban aiki. Ga kuma wasannin da ke zagayowa kowace shekara: na jajibirin sabuwar shekara, da na ranar 1 ga Mayu da suke kaiwa wani birnin Turai tun 1991 don tunawa da kafuwar ƙungiyar, da na rufe kaka a filin Waldbühne, inda mutum kusan 20,000 ke zama a sarari. Wannan cakuɗa ita ta gyara mini kunne. Sai da na sha Mahler sannan na ji yadda Haydn ke tattalin sauti, ba ya ɓarnar ko ɗigo.

Wanda bai taɓa jin irin wannan kiɗa ba, ni dai zan ce ya fara da Boléro na Maurice Ravel, na 1928, yana cikin rumbu. Ƙaramar ganga ce take buga salo guda tun farko har ƙarshe, kimanin minti 15, ba ta canzawa. Sarewa ta fara ɗauko waƙar a hankali, ta miƙa wa wani kayan busa, shi ma ya miƙa wa na gaba, kamar yadda hakimai ke wucewa ɗaya bayan ɗaya da tawagarsu ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Zazzau, kowa da irin adonsa, hanya kuwa ɗaya. Sauti yana ta kumbura har kowa ya shigo. A nan amfanin kyamara yake fitowa, domin duk wanda ya karɓi waƙar sai an nuna maka shi, ka haɗa sauti da fuskar kayan da ke fitar da shi. Na daɗe ina kallon hannun mai ƙaramar gangar nan. Wuyan hannu kaɗai ke motsi, sandunan ba sa tashi sama da faɗin yatsa biyu a farkon kiɗan, kuma bai yi gaggawa ko da sau ɗaya ba.

Mu mutanen Zariya kayan nan ba baƙi ba ne a gare mu kamar yadda ake zato. Wanda ya taɓa tsayawa kallon badujalar soja ya san begila da manyan ƙahonin tagulla. Gogensu danginsa huɗu ne, daga ƙarami da ake maƙalewa a haɓa zuwa wanda ya fi mai kaɗa shi tsawo. Timfani, manyan gangunan tagulla da ke baya, sun samo asali ne daga gangunan da Turawa suka gani a hannun rundunonin Musulmi. Obo kuwa ɗan'uwan algaita ne, dukkansu da tagwayen beli ake busa su, kuma shi ne yake ba da sautin da kowa ke daidaita kayansa a kai kafin jagora ya shigo.

Saboda obon nan ne na ɗauki kwamfuta na kai wa wani dattijo maƙwabcinmu wanda ya yi busar algaita a ƙuruciyarsa. Muka zauna a zaurensa bayan La'asar, na kunna masa wurin da mai obo ke busa shi kaɗai. Ya matso da fuska kusa da allo, ya ce, "Tsaya, ɗana, mayar da shi baya." Na mayar. Bakin mutumin yake kallo. Ya nuna mini cewa shi wannan da leɓe yake riƙe belin, shi ya sa yake iya sassauta sauti har ya zama kamar raɗa, su kuwa masu algaita belin gaba ɗaya cikin baki yake shiga, su cika kumatu da iska don kada busa ta yanke. Ya yaba numfashin mutumin ƙwarai. Can sai ya juyo ya ce, "To wa yake wa wannan busa? Taken wane ne?"

Na ce, "Baba, ba na kowa ba ne."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ikon Allah. To ƙara mini."

Tambayarsa ita ce babban abin da ke tsakanin kunnenmu da wannan kiɗa. Mu mun tashi kayan kiɗa magana suke yi. Kakaki yana kiran sarki, kalangu yana faɗin kirari, mai sauraro yana fassara abin da ganga ta ce. Simfoni ba ya kiran sunan kowa. Ana ɗauko ɗan gajeren salo ne a jujjuya shi, a ba wannan rukuni, a ɓoye shi a ƙarƙashin wancan, a sauya masa nauyi, a dawo da shi bayan ka kusa mantawa. Daɗin yana wajen gane shi idan ya dawo da sabuwar kama. Wannan ba ya samuwa a zama ɗaya, kuma shi ya sa nake ganin kaka guda ta fi guntayen bidiyo da ake tsinta a intanet nesa ba kusa ba.

Daga cikin rumbu, abin da na fi komawa gare shi shi ne simfoni na 9 na Beethoven da Petrenko ya buɗe zamaninsa da shi a Agustan 2019. An fara kaɗa wannan aiki a Vienna a 1824, lokacin mai shi ya riga ya kurumce. Kashi huɗu ne, ya haura sa'a guda, kuma sai a kashin ƙarshe muryar ɗan Adam ke shigowa. Kafin nan manyan goge ne suke fara raɗa waƙar can ƙasa-ƙasa, har sai ka kasa kunne sosai. Ranar da na fara ji da iyafis cikin dare tsigar jikina ta tashi. Sai kuma bankwanan Simon Rattle, jagoran da Petrenko ya gada, a 2018 da simfoni na 6 na Mahler, aikin da ya fara jagorantar ƙungiyar da shi a 1987. A kashin ƙarshe wani makaɗi yana ɗaga ƙatuwar gudumar katako ya maka a kan akwati, sautin ya daki ƙirji. Mai son ganga kuma ya nemi aikin Stravinsky na 1913 kan bikin bazara, wanda ya tada hayaniya a zaure ranar da aka fara nuna shi a Paris. Bugunsa ba ya bari ka kama shi, da ka ce ga inda zai sauka sai ya kauce.

Ba duka ne suka shige ni ba. Bruckner har yanzu yana mini tsawo, yakan gina abu ya kai ƙololuwa ya tsaya cak ya sake daga tushe, kuma a karo na uku hankalina yakan tafi wani wuri. Cikin sababbin ayyuka akwai waɗanda na saurara har ƙarshe ban sami bakin zaren ba. Amma akwai wanda ya ba ni mamaki, domin masu ganguna da ƙararrawa aka ba gaba, kunnena ya fi sakewa da shi fiye da wasu tsofaffin. Hirarrakin da ake yi da jagorori da makaɗa suna taimakawa wajen sanin abin da za ka saurara, ga wanda ke jin Turanci.

Ya kamata ɗan'uwa Musulmi ya san cewa wani kaso na wannan kiɗa na coci ne, musamman wajen Kirsimeti da Ista. Idan ka ga Mass ko Requiem ko Passion a sunan aiki, kalmomin ibadar Kirista ake rerawa. Ana buga jerin abin da za a kaɗa tun kafin ranar, kowa sai ya duba ya yi abin da zuciyarsa ta natsu da shi.

Maganar lokaci ma tana da muhimmanci. Galibi ranar Asabar ake watsawa da ƙarfe 7 na yamma agogon Berlin. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu ɗaya da nasu, don haka kana idar da Magariba ana farawa, Isha'i kuma ta riske ka a kashin farko. Sauran watanni suna gabanmu da sa'a guda, wasa ya fara ƙarfe 6 namu, Magariba ta faɗo a tsakiya. Ni dai nakan tashi in yi salla, abin da ya wuce ni in cike shi idan ya shiga rumbu. Da yawa ma a rumbun na kalle su bayan gari ya yi tsit.

Wahalar da na sha ta gida ce. Bidiyon sa'a biyu mai kyan hoto yana shan data ba kaɗan ba, kuma da yamma sabis yakan yi rauni a unguwarmu. Dabarar da ta fisshe ni ita ce rage ƙarfin hoto, da sauke wasa a manhajar waya inda na sami intanet mai ƙarfi, in kalla daga baya. Sai batun sauti, wanda ya fi na hoto. Wannan kiɗa yana sauka ƙasa ƙwarai sannan ya tashi sama ƙwarai, sifikar waya ba ta iya ɗaukarsa. Idan aka ɗauke wuta maƙwabta suka tada janareto, duk wuraren raɗa sun tafi, rabin aikin ke nan. Iyafis mai rufe kunne ya zama dole, kuma kuɗinsa ya kamata a lissafa cikin kuɗin tikiti.

Kakar nan ta sa na waiwayi namu. Na nemo African Suite na Fela Sowande, haifaffen Abeokuta, wanda ya tsara wa rukunin goge a 1944 da salon waƙoƙin Afirka ta Yamma, na kuma fara bin labarin cibiyar kiɗa ta MUSON da ke Legas, wadda ƙungiyarta ta kafu a 1983. Ta kuma sa mini wani kishi. Yadda aka nuna mini yatsun mai obo da numfashinsa, haka nake so a nuna wa duniya mai kakaki da mai algaita da mai tambari na Zazzau, da kyamara mai kyau da makirufo mai kyau, a jera wasanninsu a shekara, a adana. Dattawan da suka san taken kowace sarauta suna ta raguwa, kuma mafi yawan abin da muke da shi nasu hoton waya ne cikin hayaniyar taro.

Zan sabunta tikitina. Wanda yake shakka ya fara da 'yan kwanakin gwaji da suke ba sabon mai rajista kyauta: ya ji Boléro, washegari simfoni ɗaya na Haydn, sannan ya ware dare guda ya zauna wa na 9 na Beethoven daga farko har ƙarshe. Idan ya kai ƙarshe yana son ƙari, ya sayi na wata guda tukuna kafin na shekara, kuma ya saya a ƙarshen Agusta don ya kama kaka tun daga farkonta.